A-kori-kura Ta Ƙi Tashi Bayan Gyara: A Dakata Da Kwance Injekta

Maganar yau ta masu mota ce da direbobi da kanikawa, amma manomi ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin kayansa ne a bayan motar.

Duk wanda ya san ƙasar Minjibir ya san ba ta da fili na banza. Daga Kunya zuwa Kantama, daga Sarbi zuwa Wasai, gona na jingine da gona, kuma ƙasar da ake nomawa kowace damina ba hutu ba ta ba da amfani sai da taki. A zamanin iyayenmu jakuna ke wannan jigila, su shiga birni da itace da kara, su dawo da mangala cike da takin gari. Yanzu aikin ya koma kan a-kori-kura. Ita ke kai taki gona da bazara, ita ke kwaso gero da dawa da gyaɗa da kaka, ita ke ɗaukar kayan lambun bakin dam ɗin Wasai ta nufi kasuwar 'Yankaba tun kafin assalatu. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, tumatir ba ya jiran kowa.

Akwai wani irin ƙin tashi da ya fi kowanne ɓata rai, shi ne wanda ke zuwa bayan gyara. Mota mai shan gas ta shigo gareji da ƙafarta. Abin da ya kawo ta bai taka kara ya karya ba, ko canjin filtar mai, ko tiyo da ya tsage, ko wanke tanki. An gama aiki, an rufe bonet, direba ya murɗa makulli, kik yana juyawa, inji ya ce bai san zancen ba. Wani lokacin ma sai ta tashi, ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki lafiya, sannan ta yi tari ta mutu, ba ta ƙara ko motsi. Daga nan sai ka ji an ce, "Alhaji, ai injekta ce ta gaji, sai an kwance an kai Kano." Mai mota ya dafe kai, domin ya san kuɗin da ke bayan wannan magana, ya san kuma kwanakin da motar za ta yi a zaune.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Injektar da ta kawo mota gareji da safe ba ta cika mutuwa da azahar don kawai an canza filta ba. In mota ta ƙi tashi bayan gyara, wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe shi ne wurin da za a fara tuhuma. Kuma a mafi yawan lokuta mai laifin abu ne da ba a saye ba a sayarwa, wato iska.

Sai mun fahimci yadda injin gas yake kama wuta sannan za mu ga dalili. Injin fetur yana da fulogi mai tartsatsi. Injin gas kuwa, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897, ba shi da shi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin kusan 20 na girmanta, har zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ya fesa gas, sai ya kama da kansa. To amma nozul ba ya buɗewa don an roƙe shi. A tsofaffin injunan Hilux irin su 3L da 5L, sai ƙarfin turin mai ya kai kusan bar 150 kafin allurar cikinsa ta ɗaga, alhali iskar da mai faci ke ɗura wa taya ba ta wuce bar 3 ko 4 ba. Mai ba ya matsuwa, don haka in injekta ta tura shi daga nan, nan take ƙarfin ya isa can. Iska kuwa matsuwa take yi. In ta shiga bututu, injekta za ta yi ta turi, iskar tana tsukewa tana saki, nozul yana rufe. Ko a kwana ana kik, ɗigo ɗaya ba zai shiga silinda ba.

Masu lambu a Wasai sun fi kowa sanin wannan. Injin ban ruwa, ko sabo ne fil, in tiyonsa ya sha iska ba zai ja ba sai an cika cikinsa da ruwa tukuna. Ba wanda ke ɗaukarsa ya kai birni saboda haka. Haka layin gas yake. Duk sanda aka buɗe shi, an shigar da iska, kuma aiki bai ƙare ba sai an fitar da ita. Wannan shi ne abin da kanikawa ke kira bilidin.

A saman gidan filta akwai ɗan famfon hannu mai baƙin kai. Shi za a yi ta dannawa. Da farko za a ji shi sakwaf, ba ƙarfi. A ci gaba har ya yi tauri a ƙarƙashin tafin hannu. In akwai ɗan notin bilidin a gefe, a sassauta shi, a bar kumfa ta fita har sai gas zalla ya biyo baya, sannan a ɗaure. A tsohon inji, in an yi haka bai tashi ba, sai a ɗan sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul biyu ko uku, rabin juyi kawai, a rufe da tsumma, a yi kik. In mai ya fara tsarto babu kumfa, a ɗaure. Sau da yawa kafin a gama ɗaure na ƙarshe inji ya fara ƙoƙarin kamawa. A lura, na ce a tsohon inji. Zan dawo kan wannan, domin akwai motocin da yin hakan a kansu ganganci ne.

Inda ake rikicewa shi ne in an yi ta danna famfon nan ya ƙi tauri, ko ya yi tauri, a bar shi minti biyar ya sake sakwarkwacewa. Bakanike zai duba ko'ina ya ce, "Ai ba inda ke yoyo." Gaskiya ya faɗa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A yawancin waɗannan motoci babu famfo a cikin tanki. Injekta ce da kanta ke zuƙo mai tun daga baya. Saboda haka duk layin da ya taso daga tanki zuwa injekta zuƙa yake yi, ba turi ba. In akwai ƙofa a kansa, mai ba zai ɗigo waje ba, iska ce za ta shige ciki. Ƙasa a bushe, tiyo a bushe, amma inji yana shan iska. Wannan ita ce matsalar da ke sa a canza kayan dubban nairori a banza.

Ƙofofin kuwa sanannu ne. Robar bakin filta da ta karkace wajen ɗaurewa, ko tsohuwar roba da ta manne a sama ba a lura ba aka ɗora sabuwa a kanta. Abin da ke ƙasan filta mai nuna taruwar ruwa, wanda na roba ne, in yaro ya sa masa ƙarfi sai ya tsage. Washar tagulla da aka mayar bayan ta riga ta lotse. Tsohon tiyo da zafin inji ya busar, aka murɗa shi wajen cirewa bakinsa ya dare. Shi kansa famfon hannun ma yana tsufa, robar cikinsa ta huje ya koma shi ne mai shigar da iskar. Sai kuma kuskuren da ba wanda ke son a ce shi ya yi, a juya tiyo biyu, na shiga ya koma na fita, ko a wajen filta ko a wajen tanki bayan an wanke shi. Ban da jabun filta, wadda kwalinta ya fi cikinta kyau.

Gwaji biyu ne ke raba gardama, kuma dukkansu ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Na farko, a samo ɗan guntun tiyo fari mai nuna abin da ke cikinsa, a sa tsakanin filta da injekta. In ana kik ana ganin kumfa tana wucewa, an ga ɓarawo da ido. Na biyu, a zuba gas mai tsabta a galan mai tsabta, a ɗaga shi sama, a jawo tiyo daga cikinsa zuwa filta, a bar tankin motar gefe. In ta tashi, laifin yana baya, a tanki ko layinsa. In ta ƙi, a tsallake filtar ma a gwada na ɗan lokaci kaɗan. In ta tashi a haka, gidan filta ne. Da wannan kaɗai an raba motar gida uku, an san ɗakin da za a shiga. Bakaniken da ya ce injekta ce alhali bai yi ɗaya daga cikin gwajin nan ba, canka yake yi, kuma da aljihun wani yake cankar.

A kuma sa wani ya tsaya a bayan mota ya kalli salansa yayin da ake kik. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa silinda, sai a ci gaba da neman iska ko abin da ya tare hanya. In farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, to mai yana isa amma ba ya kamawa, kuma maganar ta koma wani fanni, ko taimin, ko hita, ko ruwa a cikin man.

Akwai wata 'yar waya guda ɗaya da ta sha kunyata manyan kanikawa. A jikin tsohuwar injekta akwai ɗan abin lantarki da ke buɗe wa mai hanya in an kunna makulli, ya rufe in an kashe, shi ne ma ke kashe injin. Wajen aiki a kan cire wayarsa, ko gwiwar hannu ta fizge ta, ko ta taɓa ƙarfe fiyus ya ƙone. A kunna makulli a kasa kunne, ya kamata a ji ɗan ƙas. In ba a ji ba, a kira rewaya kafin a kira mai injekta.

In kuwa gyaran da aka yi ya haɗa da sauke injektar kanta, to tambayar farko ita ce taimin. Bel ne ke juya ta a waɗannan injuna, kuma akwai alamomi da dole su haɗu. Haƙori ɗaya in ya goce, mota za ta yi wuyar tashi ta riƙa farin hayaƙi. In gocewar ta yi yawa ba za ta tashi ba sam. Wanda ya sauke ya mayar shi ya kamata ya sake buɗe murfi ya duba alamominsa, ba tare da an kai ruwa rana ba.

Batir kuma, a gaggauce. Injin gas yana bukatar juyi mai sauri kafin iskar cikinsa ta yi zafin da ake so. Bayan an shafe awa ana kik, batir ya yi sanyi, sai ya zama an gyara matsalar farko an haifi ta biyu ba a sani ba. Kada kik ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, a bar shi ya huce, in ba haka ba a ƙone shi. In da sanyin hunturu ne, a tabbatar hita tana aiki, a jira fitilarta ta mutu kafin a murɗa.

Yanzu bari in taɓo abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. In haƙuri ya ƙare, sai ka ga an jiƙa tsumma da fetur an kara a bakin shaƙar iska, ko a fesa maganin sauro na gwangwani. Inji ya yi wata ƙara kamar ana dukansa da guduma, ya tashi na daƙiƙa biyu, jama'a su ce alhamdu lillahi. Wannan ƙarar fashewa ce kafin lokaci, kuma fistin da zobensa ne ke karɓar dukan. In hita tana da zafi, wutar tana iya dawowa waje ta sami fuskar mai fesawa. Sannan bai fitar da iska ko ɗaya daga layin mai ba. Haka nan ɗabi'ar sa yaro ya kafa baki a tiyo ya zuƙo gas. In ya sarƙe shi ya gangara huhu, ciwo ne mai tsanani wanda kan kwantar da mutum a asibiti. Ɗan mutane aka kawo koyon sana'a, amana ce. Famfon hannu na nan, don wannan aikin aka yi shi.

Na ce zan dawo kan sababbin motoci. Tun 1927 da kamfanin Bosch ya fara ƙera injekta da yawa, tsarin bai canza sosai ba har wajen shekara 70, kuma a kansa mafi yawan ogogin garejinmu suka koyi aiki. A 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci wani sabon tsari a Turai, inda famfo ke tara mai a cikin bututu guda mai kauri, kwamfutar mota kuma, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke ba kowane nozul umarnin buɗewa. Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2004 da 2005, wadda ake ce wa Vigo, da yawanta da wannan tsari ta zo, da injin 2KD ko 1KD, za a ga an rubuta D-4D a jikinsa. Wasu kuma masu wannan jikin da injin 5L-E suka zo, don haka kada a yi hukunci da fuskar mota, a buɗe bonet a gani. In an ga bututu guda mai kauri da gajerun rassa, da soket na waya a kan kowane nozul, to sabon tsari ne.

A irin wannan inji ƙarfin mai yana haura bar 1,300. Wanda ya sassauta noti a kansa ana kik, ko ya bi bututu da yatsa yana neman yoyo, man na iya huda fatarsa ya shige nama. Abin tsoron shi ne raunin ba ya nuna girmansa. Ɗan tabo ne kamar na allura, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, kafin gari ya waye hannu ya kumbura, kuma akwai waɗanda suka rasa yatsa ta haka. Duk wanda wannan ya sama, kada ya tsaya shafa man zafi ko jiƙo. Ya tafi asibiti a ranar, ya gaya wa likita ƙarara cewa gas ne mai ƙarfi ya shige shi, domin aiki ne na tiyata, irin wanda ake yi a asibitin ƙashi na Dala.

Bilidin ɗin waɗannan motoci a wajen filta yake ƙarewa. A danna famfon hannu har ya yi tauri, sauran aikin famfon injin ne. In ta ƙi tashi, a bi soket ɗaya bayan ɗaya, na jikin famfo, na kan bututun tara mai, na nozul, a tabbatar kowanne ya shiga ya kama. Birenbos ba zai ba da umarnin fesa mai ba sai ya ga ƙarfin ya kai wani mizani, kuma sai ya ga alamar inji na juyawa. Nozul guda da ke mayar da mai baya fiye da kima ya isa ya hana ƙarfin taruwa. Wannan ba a gane shi da kunne, sai an jona na'urar bincike ta karanta. Ba abin kunya ba ne oga ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin kayan aikina, a kira mai kwamfuta." Abin kunya shi ne a lalata nozul huɗu wajen gwaji. Kuma tsohuwar dabarar cika sabuwar filta da gas daga kowane irin gwangwani kafin a ɗaura, a daina ta a kan waɗannan motoci. Dattin da ido ba ya gani, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba, yana cinye cikinsu. Mu kuwa da ƙurar hunturu, garejinmu a fili yake.

Ba zan ɗora komai a kan kanikawa ba. Masu mota da direbobi suna da nasu kason. A farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 400 ba, kafin shekarar ta fita ta haura 800, a ƙarshen 2023 kuma ta wuce 1,000. Kowa ya san abin da wannan ya jawo. An daina cika tanki, ana zuba na zuwa da dawowa kawai, sau da yawa daga jarkar 'yan bumburutu a bakin hanya. Tankin da kullum yake ƙasa-ƙasa, in mota ta shiga gargada ko ta karkata a hanyar gona, bakin bututu yana fitowa daga cikin mai ya zuƙi iska. Ruwa da laka kuma a ƙasan tanki suke kwanciya. Sai a kawo mota gareji da ɗan abin da bai rufe gindin tanki ba, a ce a yi bilidin. Me za a zuƙo? Kafin a zargi kowa, a zuba lita 10 ko 15 na mai mai kyau tukuna, kada a dogara da allurar geji, wadda ta daɗe da daina faɗin gaskiya a yawancin motocinmu.

Sai kuma gaggawa. Mai mota yana tsaye a kan bakanike, lodi na jira, yana cewa a yi sauri. Shi ne ke sa a mayar da tsohuwar washa maimakon a aika a sayo sabuwa ta 'yan nairori. Shi ne kuma ke zaɓen filta mafi araha a Ƙofar Ruwa, sannan ya dawo yana faɗa. Alhaji, in ka ba da aiki, ka ba da lokacinsa.

Ga kanikawa kuma, ina da roƙo. Kafin ku cire tiyo, ku yi masa alama, ko ku ɗauki hotonsa da waya, kowa yana da ita a aljihu. Ku toshe bakin duk bututun da kuka buɗe. In mota ta tashi, kada ku sallame ta nan take, ku bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, ku kashe, ku jira, ku sake tayarwa, domin ƙaramar ƙofar iska sai mota ta huta take nuna kanta. Ku gaya wa direba ya kira ku gobe da safe ya faɗa muku yadda ta tashi. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA na yankinmu kuma, ku dubi yiwuwar haɗa kuɗi a sayi na'urar bincike ko guda ɗaya ce, a koya wa matasa biyu ko uku aiki da ita, domin motocin nan masu birenbos ƙaruwa suke yi, kuma ba kowace rana za a riƙa jan mota daga Minjibir zuwa Kano don a karanta lamba ɗaya ba.

Ku kuma masu mota, duk ranar da aka ce muku injekta ce, ku tambaya cikin ladabi ko an yi gwajin galan, ko an ga hayaƙi a salansa, ko an duba wayar nan. In an yi duka ukun ba a dace ba, ku ba da izini a kwance. In ba a yi ba, ku ce a fara da su.

Nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a sana'a.